Jagorar saita sabar Nginx ga masu hidimar alhazai: fayiloli, ma'ajiyar wucin gadi da tsaron shiga

Hausawa da dama da ke zaune a Makka da Madina da Jidda suna ci da hidimar baƙin Allah, wasu suna dafa abinci irin na gida, wasu suna aika kaya zuwa Kano da Yamai, wasu kuma suna shirya masauki a Misfala ko ziyarar Uhudu da masallacin Kuba, kuma wasunsu suna da shafin intanet da ake duba farashi, a sauke littafin addu'o'i, a turo hoton fasfo. Irin wannan shafi yana da halinsa na daban. Yakan yi shiru tsawon watanni, sai Ramadan ko Zulhijja ya kama jama'a su taso masa a lokaci guda, galibinsu kuma daga Sakkwato ko Damagaram suke shigowa da waya, a kan layin da ke yankewa da data da ake lissafinta. A cikin wannan shafin ne kuma ake ajiye takardun mutane, waɗanda amana ce a wuyan mai shafin. Duk saitin da za mu bi a nan amsa ce ga tambayoyi biyu da ya wajaba a yi wa kowane fayil: wa ke da izinin ganinsa, kuma tsawon wane lokaci ya halatta a ajiye kwafinsa a wani wuri.

Na zaɓi Nginx, manhajar sabar intanet mai miƙa wa baƙi shafi, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, saboda tana ɗaukar dubban masu shigowa a kan ƙaramar na'ura ba tare da cin ƙwaƙwalwa mai yawa ba. Umarnin da ke tafe na Ubuntu ne, kuma duk inda ka ga example.com sai ka sa sunan shafinka.

Mataki na farko: raba kayan shafin kafin ka taɓa saiti

Kayan shafi kashi uku ne. Akwai fayilolin da ba sa canzawa kuma kowa na iya gani, kamar tambarin kamfani, hotunan masauki, fayilolin CSS da JavaScript, littattafan PDF da sautin karatu. Akwai shafukan da manhaja ke haɗawa duk lokacin da aka nema, kamar jadawalin farashi da labarin tashin jirage, su ma na kowa ne amma suna sauyawa. Na uku shi ne abin sirri: kwafin fasfo, rasidin kuɗi, lambobin wayar iyalai, da shafin ma'aikata. Kashi na farko ne kaɗai ya kamata ya zauna a foldar da sabar ke buɗe wa duniya, na uku kuwa a ajiye shi nesa da ita gaba ɗaya.

```
sudo mkdir -p /var/www/shafi/kaya /var/www/shafi/karatu
sudo mkdir -p /srv/takardu
sudo chown -R www-data:www-data /srv/takardu
sudo chmod 750 /srv/takardu
```

Wannan rabuwa ta fi duk wani saitin tsaro da zai biyo baya muhimmanci, domin fayil ɗin da ba ya cikin /var/www/shafi babu adireshin da baƙo zai rubuta ya kai gare shi kai tsaye. Ga wanda ke aiki a Saudiyya akwai kuma batun doka, tunda dokar kare bayanan mutane ta ƙasar ta fara aiki a watan Satumba na 2023 ƙarƙashin kulawar hukumar SDAIA, kuma hoton fasfo na cikin irin bayanan da ta shafa.

Mataki na biyu: girka sabar da takardar shaidar HTTPS

```
sudo apt update
sudo apt install nginx apache2-utils certbot python3-certbot-nginx
sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw allow 'Nginx Full'
sudo ufw enable
sudo timedatectl set-timezone Asia/Riyadh
```

Ka buɗe wa OpenSSH, wato ƙofar da kake shiga sabar daga nesa, hanya kafin ka kunna katangar ufw, in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Saitin agogo kuma zai taimake ka wajen karanta rajista, musamman idan abokin aikinka a Najeriya ya ce shafin ya tsaya da ƙarfe takwas, ka tuna cewa agogon Saudiyya na gaban nasu da awa biyu. Daga nan ka ƙirƙiri fayil /etc/nginx/sites-available/shafi da wannan gangar jiki, bisa zaton cewa manhajar shafinka tana saurare a tasha (port) ta 8000 a cikin na'urar:

```
server {
    listen 80;
    server_name example.com www.example.com;
    root /var/www/shafi;
    charset utf-8;
    server_tokens off;
    client_max_body_size 10m;

    proxy_set_header Host $host;
    proxy_set_header X-Real-IP $remote_addr;
    proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme;

    location / {
        proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
    }
}
```

Layuka biyu a nan sun shafe mu kai tsaye. Layin charset utf-8 shi ke sa haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tare da rubutun Larabci, su fito daidai a wayar mai karatu maimakon su koma tarkacen alamomi. Shi kuwa client_max_body_size, idan ba a rubuta shi ba Nginx na tsayawa a megabayit ɗaya, alhali hoton fasfo da aka ɗauka da wayar zamani yakan wuce haka, sai mahajjaci ya yi ta turawa yana samun kuskure mai lamba 413, ya ɗauka layinsa ne ba shi da kyau.

```
sudo ln -s /etc/nginx/sites-available/shafi /etc/nginx/sites-enabled/
sudo rm /etc/nginx/sites-enabled/default
sudo nginx -t
sudo systemctl reload nginx
sudo certbot --nginx -d example.com -d www.example.com
```

Ka mayar da nginx -t al'adarka bayan kowane gyara, domin yana duba saitin ya faɗa maka layin da ke da matsala kafin shafi ya faɗi. Certbot zai karɓo takardar shaida kyauta daga Let's Encrypt, ya gyara fayil ɗinka ya ƙara tasha ta 443, ya kuma juya masu zuwa ta http zuwa https. Takardar ba ta dawwama, an saba ba ta kwana 90, amma tana sabunta kanta, kuma umarnin sudo certbot renew --dry-run zai tabbatar maka cewa sabuntawar na aiki. Duk abin da za a ƙara daga yanzu cikin sashen server mai tasha ta 443 zai shiga.

Mataki na uku: fayilolin da ba sa canzawa

Bai kamata hoto ko littafin PDF ya bi ta cikin manhaja ba, tunda Nginx na iya ɗauko shi daga faifai ya miƙa cikin sauri.

```
location ^~ /kaya/ {
    try_files $uri =404;
    access_log off;
    add_header Cache-Control "public, max-age=31536000, immutable";
}

location ^~ /karatu/ {
    try_files $uri =404;
    add_header Cache-Control "public, max-age=2592000";
}
```

Umarnin try_files yana neman fayil ɗin, idan babu ya mayar da 404 ba tare da ya dami manhaja ba. Alamar ^~ tana da dalili babba da zai bayyana a matakin tsaro. Sunayen fayiloli kuwa, ina ba da shawarar a rubuta su da haruffan boko marasa lanƙwasa, babu tazara, kamar adduoin-dawafi.pdf, saboda suna na Larabci ko mai ƙ yakan rikiɗe ya zama dogon jerin alamomi idan aka tura adireshin ta WhatsApp, wani lokaci ma ya karye a tsakiya.

Wani alheri da ke cikin barin Nginx ya miƙa sauti da kansa shi ne yana karɓar buƙatar yanki na fayil, ya amsa da lamba 206. Ma'anar haka ita ce wanda ke sauke karatun awa guda a ƙauye, layi ya yanke masa a rabi, zai iya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma mai sauraro na iya tsallakawa zuwa tsakiyar karatu ba tare da ya sauke farkonsa ba. Ba sai an saita komai ba, amma ana rasa wannan sau da yawa idan aka bi da fayil ta cikin manhajar da ba ta san wannan aiki ba.

Saura matse rubutu. A Ubuntu fayil /etc/nginx/nginx.conf ya riga ya zo da gzip on, amma shafukan HTML kaɗai yake matsewa har sai ka faɗa masa sauran nau'o'in. Ka buɗe fayil ɗin, a ƙarƙashin wannan layi ka daidaita waɗannan:

```
gzip_vary on;
gzip_comp_level 5;
gzip_min_length 1024;
gzip_types text/css text/plain application/javascript application/json image/svg+xml;
```

Kada ka sa JPEG ko MP3 a jerin, domin a matse suke tun asali, sake matse su ɓata ƙarfin na'ura ne. Maganin nauyin hoto shi ne a rage girmansa kafin a ɗora. Hoton ɗakin otal da aka ɗauka da waya aka ɗora yadda yake yana iya cinye wa mai duba data fiye da duk sauran shafin a haɗe, kuma babu saitin sabar da zai gyara wannan.

Mataki na huɗu: abin da wayar mai karatu za ta riƙe

Layin Cache-Control da ke sama umarni ne ga burauzar mai karatu. Lambar 31536000 daƙiƙoƙin shekara guda ce, 2592000 kuma na kwana talatin. Idan mahajjaci ya buɗe shafinka a Kano kafin tafiya, ya sake buɗe shi a Mina inda layi ya cika, wayarsa ba za ta sake sauke tambari da tsarin shafin ba, rubutun da ya sauya kawai za ta nema.

Amma alkawarin shekara guda yana da sharaɗi, wanda in an manta da shi yakan jawo ciwon kai. Da zarar waya ta riƙe fayil mai suna tsari.css na shekara, ba ka da hanyar shiga wayar ka ce ta jefar da shi, don haka idan ka gyara launi ko girman rubutu tsofaffin baƙinka ba za su gani ba. Hanyar ita ce kada ka taɓa gyara fayil a cikin /kaya/ ka bar shi da sunansa. Ka sauya suna, tsari.v7.css ya koma tsari.v8.css, ka gyara adireshin a cikin shafi, sai kowace waya ta ɗauke shi a matsayin sabon fayil. Wanda bai shirya bin wannan ƙa'ida ba gara ya rage lokacin zuwa kwana ɗaya, wato 86400, ya cire kalmar immutable.

Ana yawan rikita umarni uku, kuma bambancinsu ya shafi amanar mutane. Umarnin no-cache yana barin burauza ta ajiye kwafi, amma dole ta tambayi sabar kafin ta nuna shi. Idan bai canza ba sabar ta amsa da 304, amsa ce 'yar ƙarama da ba ta ɗauke da shafin. Wannan ya dace da shafin farashi. Umarnin private yana nufin wayar mutum ɗaya ce kaɗai za ta ajiye, ban da wata sabar da ke tsakani. Shi kuwa no-store yana hana ajiya kwata-kwata, kuma shi ne ya dace da duk shafin da ke nuna fasfo ko rasidi, musamman da yake a ofisoshinmu mutum uku ko huɗu kan yi aiki da kwamfuta guda.

A kula da wata ɗabi'a ta Nginx: idan ka rubuta add_header a matakin server, sannan ka rubuta wani add_header a cikin location, to na ciki yana shafe gādon na waje baki ɗaya. Don haka duk wani kan amsa na tsaro da kake so ya bayyana ko'ina, sai ka maimaita shi a kowane location da ke da nasa add_header.

Mataki na biyar: ma'ajiyar wucin gadi a kan sabar

Wannan ne ke ceton shafi ranar cunkoso. Mai dafa wa alhazai ba ya ɗora sabuwar tukunya don kowane mutum da ya miƙo kwano, yakan tuƙa tuwo sau ɗaya ya yi ta kwasa har sai ya ƙare. Haka Nginx zai nemi shafin farashi daga manhaja sau ɗaya, ya ajiye kwafi, ya miƙa wa duk wanda ya zo cikin 'yan mintuna masu zuwa. Ka fara da keɓe wurin ajiya a sabon fayil /etc/nginx/conf.d/ajiya.conf, bayan ka ƙirƙiri foldar da sudo mkdir -p /var/cache/nginx/shafi:

```
proxy_cache_path /var/cache/nginx/shafi levels=1:2
    keys_zone=shafi:10m max_size=1g inactive=60m use_temp_path=off;
```

Megabayit ɗaya na keys_zone yana riƙe sunayen shafuka kusan dubu takwas, don haka goma sun ishi shafi irin namu har da rara. Layin max_size yana hana ma'ajiyar cika faifai, inactive kuma yana share abin da aka yi awa guda ba a nema ba. Yanzu ka faɗaɗa location / ya zama haka:

```
location / {
    proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
    proxy_cache shafi;
    proxy_cache_valid 200 5m;
    proxy_cache_valid 404 1m;
    proxy_cache_lock on;
    proxy_cache_use_stale error timeout updating http_500 http_502 http_503;
    proxy_cache_bypass $cookie_zama;
    proxy_no_cache $cookie_zama;
    add_header Cache-Control "no-cache";
    add_header X-Ajiya $upstream_cache_status;
}
```

Minti biyar na iya zama kamar kaɗan, amma idan mutum dubu suka buɗe shafi ɗaya cikin wannan lokaci, manhajar sau ɗaya ta yi aiki. A ganina bai dace a wuce haka ba ga shafin da ke ɗauke da farashi a riyal ko lokacin tashin mota zuwa Madina, domin tsohon farashi na haifar da jayayya, tsohon lokaci kuma na iya sa dattijo ya rasa motarsa. Layin proxy_cache_lock yana hana mutane da yawa afka wa manhaja tare a lokacin da babu kwafi, ɗaya ya tafi ya kawo, sauran su jira shi. Layin proxy_cache_use_stale kuwa yana ba Nginx izinin miƙa tsohon kwafi idan manhaja ta faɗi, ta yadda mai neman lambar wayar ofis zai same ta ko da rumbun bayanai ya tsaya.

Layuka biyu masu $cookie_zama su ne katanga tsakanin shafin jama'a da shafin mutum ɗaya. Ka maye gurbin zama da ainihin sunan kukin (cookie, 'yar alamar shaida da burauza ke riƙewa) da manhajarka ke bai wa wanda ya shiga da kalmar sirri. Duk mai ɗauke da shi ba za a ba shi kwafi daga ma'ajiya ba, ba kuma za a ajiye abin da aka nuna masa ba. Nginx da kansa ba ya ajiye amsar da ta zo da Set-Cookie, ko wadda manhaja ta yi wa alamar private ko no-store, kuma buƙatun GET da HEAD kaɗai yake ajiyewa. Wasu idan suka ga ma'ajiyarsu ba ta kamawa sai su ƙara proxy_ignore_headers su sa a yi watsi da waɗannan alamomi. Ina gargaɗi da babbar murya a kan haka, domin ta wannan hanya ce shafin da ke ɗauke da sunan wata hajiya da lambar fasfonta zai shiga ma'ajiya, a miƙa shi ga baƙon da ya zo bayanta. Idan ma'ajiya ba ta kamawa, a gyara manhajar ta daina raba kuki ga wanda bai shiga ba.

Shafukanmu sukan zo da harsuna biyu ko uku, Hausa da Larabci, wani lokaci da Faransanci saboda 'yan'uwa na Nijar. Nginx na bambanta kwafi ne da adireshi, saboda haka idan manhaja na zaɓar harshe ta kuki alhali adireshin ɗaya ne, wanda ya fara zuwa shi zai yanke wa kowa harshe na minti biyar. Mafi sauƙi shi ne kowane harshe ya sami adireshinsa, /ha/ da /ar/ da /fr/. In hakan bai yiwu ba, a sa kukin cikin mabuɗin ajiya da proxy_cache_key "$scheme$host$request_uri$cookie_harshe";. Idan kuma wata rana an wallafa kuskure kuma ba za a iya jiran minti biyar ba, umarnin sudo find /var/cache/nginx/shafi -type f -delete zai share ma'ajiyar, tunda umarnin sharewa na musamman yana cikin Nginx Plus ne da ake saya. Masu WordPress za su yi amfani da fastcgi_cache, wanda layukansa suka yi kama da waɗannan sosai.

Mataki na shida: wa zai shiga, wa za a hana

Ka fara da ƙirƙirar kalmar sirri ga kowane ma'aikaci, kowa da tasa, don ranar da wani ya bar aiki a cire sunansa kawai:

```
sudo htpasswd -c /etc/nginx/.htpasswd akawu
sudo htpasswd /etc/nginx/.htpasswd manaja
```

Harafin -c na karon farko ne kaɗai, domin yana ƙirƙirar fayil sabo, in ka maimaita shi zai shafe duk sunayen da ke ciki. Sai ka kulle sashen ofis:

```
location ^~ /ofis/ {
    auth_basic "Ma'aikata kawai";
    auth_basic_user_file /etc/nginx/.htpasswd;
    proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
    add_header Cache-Control "private, no-store" always;
}

location ~ /\.(?!well-known) {
    deny all;
}
```

Irin wannan kalmar sirri ba a ɓoye take tafiya ba sai da HTTPS, shi ya sa takardar shaida ta gabaci wannan mataki. Sashe na biyu yana hana ganin fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, irin su .env da .git, waɗanda sukan ƙunshi kalmar sirrin rumbun bayanai, amma ya bar .well-known da Let's Encrypt ke bukata.

Yanzu ga dalilin alamar ^~. Nginx ba ya bin sassan location daga sama zuwa ƙasa yadda ido ke karanta su. Yana fara neman wanda ya dace daidai da alamar =, sannan ya riƙe wanda farkon adireshinsa ya fi tsawo a cikin waɗanda suka dace, sannan ya duba masu alamar ~ bi da bi, kuma idan ɗaya daga cikinsu ya dace, shi ke rinjaye, sai fa idan wanda aka riƙe yana da ^~. Ka ɗauka mutum ya rubuta location /ofis/ da kalmar sirri ba tare da ^~ ba, ya ajiye hotunan fasfo a /var/www/shafi/ofis/, sannan don shafi ya yi sauri ya ƙara wani sashe da ake yawan kwafowa, location ~* \.(jpg|png|pdf)$, mai ajiyar wata guda. Idan ya buɗe /ofis/ za a tambaye shi kalmar sirri, sai hankalinsa ya kwanta. Amma wanda ya rubuta /ofis/fasfo-014.jpg zai faɗa cikin sashen hotuna, inda babu kalmar sirri, a miƙa masa fasfon, har da umarnin ya ajiye shi wata guda. Daga 014 kuma babu wuya ya gwada 015. Babu saƙon kuskure da zai fito, nginx -t ma zai ce komai lafiya. Wannan ne ya sa na raba fayilolin jama'a da folda maimakon da ƙarshen suna, na kuma fitar da takardu daga /var/www tun a matakin farko.

To ta yaya ma'aikaci zai ga fasfon da ke /srv/takardu? Ta sashen da Nginx kaɗai ke iya kira:

```
location ^~ /sirri/ {
    internal;
    alias /srv/takardu/;
    add_header Cache-Control "private, no-store" always;
}
```

Duk wanda ya rubuta /sirri/ a burauza 404 zai samu. Manhaja ce za ta fara tabbatar da cewa mai nema ya cancanta, sannan ta mayar da amsa mai ɗauke da X-Accel-Redirect: /sirri/fasfo-014.jpg, Nginx ya ɗauko fayil ɗin ya miƙa. Ka tabbata layin location da na alias duka sun ƙare da alamar /, domin idan na location ya rasa ta, mai wayo na iya amfani da ɗigo biyu (..) ya haura zuwa foldar da ke sama.

Ana iya ƙara takaitawa da adireshin IP, a rubuta allow 203.0.113.10, sannan deny all, a cikin sashen ofis, sai ya zama dole mutum ya kasance a ofis kuma ya san kalmar sirri. Wannan na da kyau ga ofis mai tsayayyen adireshi a Jidda, amma ka yi tunanin kwanakin aikin Hajji kafin ka kunna shi, lokacin da ma'aikatanka ke Mina da Arfa suna aiki da layin STC ko Mobily ko Zain, wanda adireshinsa ke sauyawa. Wanda ke son wannan tsaro a irin waɗannan kwanaki sai ya haɗa ma'aikata ta WireGuard, manhajar VPN mai buɗe keɓaɓɓiyar hanya zuwa sabar, ya ba adireshin cikinta izini. Idan kuma shafin na bayan Cloudflare, sabis ɗin da ke tsayawa tsakanin baƙi da sabarka, Nginx adireshin Cloudflare zai riƙa gani, har sai an saita set_real_ip_from da real_ip_header CF-Connecting-IP, in ba haka ba dokokin allow da deny ba za su yi aikin da ake zato ba.

Ƙofar shiga da kalmar sirri tana bukatar birki saboda masu gwada kalmomi da na'ura. A cikin ajiya.conf ka ƙara limit_req_zone $binary_remote_addr zone=shiga:10m rate=10r/m; sannan a cikin server:

```
location = /shiga {
    limit_req zone=shiga burst=10 nodelay;
    limit_req_status 429;
    proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
}
```

Ka bar wannan birki a ƙofar shiga kawai. Alhazai ɗaruruwa da ke otal guda kusa da Harami suna iya fitowa intanet da adireshi ɗaya, kamfanonin waya ma sukan haɗa mutane da yawa a adireshi guda, don haka tsauraran iyaka a kan dukan shafin zai kori baƙinka ne tun kafin ya kori ɓarawo.

Mataki na bakwai: gwaji

Bayan nginx -t da reload, ka gwada daga wata na'ura dabam, ba daga burauzar da ka riga ka shiga da ita ba:

```
curl -I https://example.com/kaya/tsari.v8.css -H "Accept-Encoding: gzip"
curl -I https://example.com/ha/farashi
curl -I https://example.com/ha/farashi
curl -I https://example.com/ofis/fasfo-014.jpg
curl -I https://example.com/sirri/fasfo-014.jpg
curl -I https://example.com/.env
```

Na farko ya nuna max-age=31536000 da Content-Encoding: gzip. Na biyu ya nuna X-Ajiya: MISS, wato babu kwafi a ma'ajiya, maimaicinsa kuma HIT, wato daga ma'ajiya aka miƙo, idan kullum MISS ne, duba ko manhaja na aiko da Set-Cookie ko Cache-Control nata. Na ofis dole ya dawo da 401, na sirri 404, na ƙarshe 403. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya dawo da 200, ka dakatar da komai ka gyara shi kafin ka ci gaba. Sannan ka shiga da asusun gwaji a waya ɗaya, ka buɗe shafin bayananka, ka kwafi adireshin ka buɗe shi a wata wayar da ba ta shiga ba, ka tabbata ba ta ga komai ba.

Domin ka san yadda ma'ajiyar ke aiki a ranakun cunkoso, ka ƙara log_format ajiya '$time_local $status $upstream_cache_status $request_time "$request"'; a ajiya.conf, da access_log /var/log/nginx/ajiya.log ajiya, a cikin location /. A goman ƙarshe na Ramadan, umarnin sudo tail -f /var/log/nginx/ajiya.log zai nuna maka buƙatu suna shigowa. Yawan HIT alama ce ta lafiya, yawan STALE na nufin manhaja na wahala ana rufa mata asiri da tsohon kwafi, shafin da $request_time ɗinsa ke haura daƙiƙa biyu ko uku kuwa shi za ka fara bincika. Duk wannan gwaji a yi shi tun a Sha'aban da Zulƙida, kuma a maimaita gwajin curl ukun tsaro, na ofis da sirri da .env, duk lokacin da aka ƙara sabon location a fayil ɗin.